Haidirojin ne ke gyara transiston bututun kabon, ko zafi ne kawai?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Ga abin da na tsaya a kai: idan aka gasa transiston siririn bututun kabon (transisto ƙaramar na'ura ce mai kunna wutar lantarki da kashe ta, a nan wutar na bi ta bututun da ido ba ya gani) cikin iskar haidirojin, haidirojin ɗin ne ke shiga jikin bututun ya gyara shi. Haka ake wa silikon, a gasa shi a kusan digiri 400 cikin haidirojin da naitirojin, ya toshe gurabun da ke kama ilektron.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗora wa kabon kayan silikon. A silikon, akwai ƙwayoyin zarra da hannunsu ke sake a mahaɗarsa da okasaid, wato shimfiɗar da ke kansa mai hana wuta wucewa, su haidirojin ke kamawa. Bangon bututu mai lafiya kuwa, kowace ƙwayar kabon tana riƙe da uku, ba ta neman kowa. Zafi ne ke aikin. A 2001 masu bincike a IBM sun gasa irin wannan transisto a inda aka zuƙe iska kaf, ba haidirojin ko ɗis, ya juye daga nau'in p (mai ɗaukar wuta da guraben da ilektron ya bari) zuwa nau'in n (mai ɗaukar ta da ilektron), don oksijin ya tashi. Da ya sake shaƙar oksijin ya koma p.

Dakta: Injiniya, kai ma ka wuce gona da iri. Haidirojin yana aiki, sai dai a ƙarfen da ke taɓa bakin bututun. A 2003 ƙungiyar Hongjie Dai a Jami'ar Stanford ta yi amfani da faladiyom, ƙarfen da ke shan haidirojin sosai. Da ya sha, ƙarfin da yake riƙe ilektron da shi ya ragu, shingen da wuta ke tsallakewa a mahaɗar ƙarfen da bututun ya canza, wutar ɓangaren p ta yi ƙasa, ta n ta ƙaru. Wannan ba zafi ba ne.

Injiniya: Na yarda da wannan, ranki ya daɗe, amma a faladiyom. Kuma bai dawwama, ƙarfen na sakin iskar.

Ɗalibi: To gibin nan fa? Ka hau da boltej ka sauko kana auna wuta, layin hawa da na sauka a zanen awon ba sa haɗuwa. Bayan an gasa sai gibin ya tsuke.

Dakta: Yawanci ruwa ne, ɗana. Laima na maƙale wa saman okasaid kusa da bututun tana tara caji, zafi ya kore ta. Ka bar na'urar a buɗe, gibin zai dawo. Abin da nake jin tsoro shi ne a ce haidirojin magani ne, wani ya kunna filasma, wato iskar da aka sa wa lantarki har ƙwayoyinta suka rabu. Ƙwayoyin haidirojin da aka raba ɗai-ɗai suna kama kabon, su ɓata tsarin bangon, wuta ta ragu, har bututun ya cinye.

Ɗalibi: Duk da haka ban janye ba, Dakta. Bututun gaske yana da tabo da ɓaraka, can haidirojin zai iya zama.

Dakta: Zai iya. To ka raba samfurinka biyu daga faranti ɗaya, ka gasa rabi cikin agon zalla, iskar da ba ta haɗuwa da komai, rabi cikin haidirojin, zafi ɗaya, lokaci ɗaya. Ka auna su kafin su sha iskar ɗaki, ka sake aunawa bayan sun sha, sannan ka kawo mana layukan mu duba.