Wane mai zan riƙa sa wa sarƙar kekena? Ƙurar hunturu ta ishe ni

Dan_Hotoro ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu keke ku taimaka min da shawara. Wata biyar kenan da na sayi keken gwanjo mai giya bakwai a baya, da shi nake zuwa kasuwa kullum daga Hotoro zuwa Kantin Kwari saboda kuɗin adaidaita ya fi ƙarfina. Lokacin damina mai gyara ya lafta min baƙin mai a sarƙar kuma lafiya lau, amma tunda hazo ya sauko sai ta koma kamar an kwaɓa kwalli da yashi, in ina taka feda ina jin ƙarar ƙurus ƙurus, ga ƙafar wandona ta dama duk ta lalace har maiɗakina ta ce ta gaji da wanki. Na sayi man feshin nan na gwangwani WD-40 na fesa, kwana biyu ta yi shiru sai ta dawo da kuka fiye da da. Shin akwai man da ya dace da ƙura daban da na ruwan sama ne, ko duk mai mai ne?

BabanKhalifa_Zariya ya rubuta:

Wa alaikumussalam. Malam ka bar baƙin mai, wlh shi ne ya ja maka. Ni a rumfar gyaran keke na tashi, mahaifinmu Allah ya jiƙansa da baƙin mai yake wa kowa aiki, amma kekunan lokacin Raleigh ne da Phoenix masu giya ɗaya, sarƙa mai kauri, wasu ma a rufe take ruf cikin murfin ƙarfe ƙura ba ta ganinta. Naka kuwa sarƙa siririya ce a fili tana hawa tana sauka kan haƙora bakwai, kuma tana daf da ƙasa. Baƙin mai ya riga ya gama aikinsa a inji, da toka da garin ƙarfe a ciki, ka zo ka haɗa shi da ƙurar hunturu, ai ka yi wa sarƙarka dutsen wasa wuƙa kenan.

Abin da mutane ba su gane ba, wajen sarƙa ba ya buƙatar mai ko kaɗan. Inda ake gugar ƙarfe da ƙarfe a ciki ne, tsakanin ƙusar da ta riƙe gaɓa da ɗan zoben nan mai juyawa. Duk man da ka gani yana sheƙi a waje aikinsa ɗaya, kama ƙura. To ka fara wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, har firiwil, wato haƙoran baya, da ƙananan tayoyin nan biyu na giyar baya don a nan datti yake daskarewa, ka bari ta bushe sosai. Sai ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa ta cikin sarƙar, ka juya feda baya baya ya shiga, ka ba shi ɗan lokaci, sannan ka sa tsumma ka goge har sai ka ga kamar ba ka sa komai ba. Gogewar nan ita ce rabin aikin kuma ita kowa yake tsallakewa.

In ba ka da kuɗin man sarƙa na kanti, man keken ɗinki ya wadatar a rani, sai dai ka riƙa sabuntawa duk sati. Kada ka yi wanki da fetur dai, na ga wanda ya ƙone hannu.

Dan_Hotoro ya rubuta:

Na gode Baban Khalifa, Allah ya jiƙan Baba. To shi WD-40 ɗin fa, asarar kuɗi na yi kenan?

MaiTsaunin_Jos ya rubuta:

Ba asara ba ne ɗan uwa, ajiye shi zai yi maka amfani wajen kwance noti mai tsatsa da korar ruwa bayan ka wanke keke. WD ɗin ma ma'anarsa korar ruwa, don haka aka ƙirƙiro shi a Amurka a 1953. Akwai ɗan mai a ciki amma tsinkakke ne sosai, yana narkar da wanda ya tarar sannan mafi yawansa ya bi iska, shi ya sa ka ji shiru kwana biyu sai kuka.

Game da tambayarka ta farko, eh akwai bambanci. Kamfanoni irin su Finish Line da Muc-Off suna yin kala biyu, a jikin gora za ka ga an rubuta Dry ko Wet, wato busasshe ko jiƙaƙƙe. Na farkon ruwa-ruwa ne, kana ɗigawa ruwan ya bushe ya bar wani siririn santsi da ƙura ba ta cika mannewa ba, da dare ake sa shi a hau da safe, amma ruwan sama ɗaya mai kyau ya wanke shi tas. Na biyun mai kauri ne da danƙo, ruwa da taɓo ba sa cire shi da wuri, sai dai in ka shiga ƙura da shi to labarin baƙin manka ne zai dawo. Mu nan Jos da ruwa yake farawa tun Afrilu ya kai Oktoba, mai kaurin muka fi amfani da shi. Ku a Kano damina wajen Yuni zuwa Satumba ce kawai, sauran watannin duk busasshen ya fi muku.

Ni da damina in nawa ya ƙare man giyar mota lamba 90 nake ɗigawa, sabo ba wanda aka juye ba, yana wari gaskiya amma yana riƙe ruwa. Giris kuma kar ka soma, ba ya shiga cikin gaɓa, a waje yake tsayawa yana tara yashi. Wurinsa boris ne.

Ka kuma kula in birkinka na faifai ne ko mai kama gefen wili, kada feshi ya taɓa wurin. Na taɓa gangarowa da birki mai mai, ban so in tuna.

Oga_Sani77 ya rubuta:

Ku dai kuna wahalar da bawan Allah. Shekara nawa ina sa baƙin mai kyauta nake karɓa wurin bakanike kuma keke yana tafiya. Mutumin da ya gudu daga kuɗin adaidaita za ku tura shi sayen man Turawa?

BabanKhalifa_Zariya ya rubuta:

Oga Sani ba musu, yana tafiya. Kekenka giya nawa? In ɗaya ne ci gaba abinka, sarƙarka da firiwil araha ne. Shi in sarƙarsa ta cinye za ta tafi da haƙoran baya gaba ɗaya, ya sa sabuwa ta riƙa tsalle a kan tsofaffin haƙora, dole ya canja duka biyun. Dan Hotoro ka samu tef ɗin tela ko rula ka auna, daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, wato ƙusa 24 daga wadda ka fara inci 12 cif a sabuwar sarƙa. In ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci lokacin canji ya yi, in ta kai ɗaya cikin 8 to da wuya haƙoran su tsira.

Dan_Damagaram ya rubuta:

Gaisuwa daga Zinder. Mu nan rairayi ne ko'ina, ni na bar mai kwata-kwata na koma kakin kyandir. Sai ka cire sarƙar ka wanke ta har babu ɗigon mai a jikinta, in da saura kakin ba zai kama ba, ka narkar da farin kyandir a tsohon gwangwani da ka ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba don yana kamawa, ka tsoma ta ciki kana motsawa har kumfa ya daina tasowa, ka rataye ta huce. Za ta sandare kamar kara, ka lanƙwasa gaɓoɓin da hannu ka mayar. Ko da farar shadda za ka hau ba abin da zai taɓa ka. Matsalarsa ruwa, in ya dake ka ka goge ta a ranar in ba haka ba da safe ka ga tsatsa. Akwai na gora ma mai suna Squirt, kaki ne a cikin ruwa ana ɗigawa, amma a nan samunsa sai an yi oda.

Dan_Hotoro ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai. Jiya Juma'a bayan masallaci na wanke ta da kananzir, sai da na canja sau uku kafin ya daina fitowa baƙi ƙirin, na ɗiga man keken ɗinkin maiɗakina na goge kamar yadda Baban Khalifa ya ce, yau har kasuwa ban ji ƙara ba. Na auna kuma da tef ɗinta, kamar ta ɗan wuce layin 12 ɗin amma idona bai iya raba ɗaya cikin 16 da ɗaya cikin 8 ba, zan kai wa mai gyara ya duba. Malam na Damagaram, kyandir nawa ke isar sarƙa ɗaya, kuma ana iya sake narkar da wanda ya rage?