Abin da iyaye suka faɗa kan kula da ƙananan yara a Legas

Na tattaro bayanan iyaye, yawancinsu mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12:

1. Ruwa ne aka fi nanatawa. Tunda a gidajen haya muna tara shi a bokiti da duro, a riƙa rufewa. Ɗan kaɗan ma yana iya halaka yaro mai tatata in ya faɗa ciki. Kananzir kuwa kada a zuba shi a robar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne.

2. Janareta a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa cikin barci. Nan babu wanda ya yi musu.

3. Gidan sauro kowane dare, musamman da damina.

4. Gudawa: ORS (ruwan gishiri da sukari), da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi abinci. In zazzaɓi ne, a yi gwajin maleriya kafin magani.

5. Rigakafin ƙyanda sau biyu ne, wata 9 da wata 15. Na biyun ake yawan mantawa.

An rabu kan bai wa yara waya. Wasu sun ce a hana gaba ɗaya, wasu iyaye mata suka ce ita ke ba su damar girki. Ni dai ina bayan masu cewa ƙasa da shekara 2 a haƙura.

Kan yare ma an ja: Hausa zalla a gida, ko a haɗa da Turanci saboda makaranta? Mafi yawa sun zaɓi Hausa, wai Yarbanci da Turanci zai tsinta a tsakar gida.