Wace filota ce za ta jure Kano?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun gaji da zaryar kai zane waje a buga mana. Mu huɗu ne a ofis, yawanci zanen gidaje da shaguna muke yi, irin wanda ake kaiwa KNUPDA, hukumar tsara birnin Kano, neman izinin gini, sai jefi-jefi makaranta ko masallaci. A wata mukan buga takarda mai girman A1 wajen ɗari da hamsin, A0 kuwa, wadda ta ninka ta girma, sai a daɗe ba a nema ba. Maigida ya ce in nemo shawara kafin a fitar da kuɗi. Wace filota za mu saya?

Mai Sitika: Wa alaikumus salam. Ta yanka kake nufi ko ta bugu? In ta yankan sitika ce akwai guda a hannuna.

Ɗan Gwale: A'a, ta buga zanen gini. Ba ta sitika ba, ba kuma injin bana ba.

Malam Safiyo: Ƙanena, fara da faɗi tukuna. Mai inci 24 tana ɗaukar takarda milimita 610, A1 kuwa 594 ce a faɗi, ka ga ta shige. Amma A0 faɗinta 841, sai mai inci 36, wato 914. Ka ce ba ku cika buga A0 ba, to ni dai shawarata ku daure ku ɗauki 36. Ranar da aka kawo muku lay-awut na rukunin gidaje, ko ɗan kwangila ya ce A0 yake so ya liƙa a bango, za ka koma zaryar da ka gudu, ga inji a ofis yana kallonka.

Hajiya Akitek: Ban yarda da kai duka ba, Malam. Ku safiyo aikinku taswira ce, dole ku nemi babba. Ofis mai mutum huɗu da ke zanen gida mai ɗaki uku, me zai yi da 36? Bambancin kuɗin ya isa sayen UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, da tawadar watanni. Ga cin wuri. In A0 ta taso sau biyu a wata, a kai waje, ba abin kunya ba ne.

Malam Safiyo: Hajiya, shekara nawa za su yi suna mutum huɗu?

Hajiya Akitek: Allah Ya ƙara musu, in sun zama goma sai su sayi ta biyu.

Baba Mai Gyara: Ku bar ni in sa baki, tunda in abin ya lalace wurina ake sauke shi. Ɗana, kada ka fara tambayar wanne inji ne ya fi kyau. Ka fara tambayar tawadar wanne za ka samu a Kano yau ɗin nan, ba sai an yi waya Ikeja an jira mota kwana uku ba. Ka shiga Beirut Road da ƙafarka, ka karanto musu lambar tawada, ka ga wanda zai ɗauko maka ita daga kanta. HP DesignJet T630 da T650 tawada mai lamba 712 suke sha, kan bugunsu kuma, wato abin da ke fesa tawada a takarda, 713. T830, wadda take da sikana a jiki, 728 take sha, kanta 729. Canon TM-300 kuwa PFI-120 ko PFI-320, kai PF-06, sannan akwai akwatin tara dattin tawada, MC-31, wanda in ya cika injin tsayawa yake cak, kuma mutane sukan manta da shi har sai ranar. Duk wanda ka samu kayansa a shago biyu ko uku, shi ne naka.

Ɗan Gwale: Baba na rubuta. To a tsakaninsu fa, kai wanne ka fi natsuwa da shi?

Baba Mai Gyara: Kowanne da halinsa. HP da Canon kan bugunsu da zafi yake aiki, yana ƙarewa da aiki kamar tayar mota, amma kai da kanka za ka cire ka sa sabo, ba sai ka kira ni ba. Epson, irin SureColor T5100, kanta ba na zafi ba ne, an yi shi ya zauna tsawon ran injin. Yana da juriya, sai dai in ya toshe har ya ƙi wankuwa, aikin mai gyara ne, kuma ba aikin kuɗin shayi ba.

Injiniya Sabon Gari: Abin da ba a faɗa ba shi ne girman katirij. 712 mai launi mililita 29 ce kacal, baƙar kuma 38 ko 80. In layi kawai kuke bugawa, babu laifi. Amma ku akitek kun saba cika takarda da hoton gini mai launi don mai gida ya ga yadda zai fito, nan ne za ka ga tawada tana tafiya kamar ruwa a kwando. Ta Canon ɗin 130 ce ko 300, ita ma 728 akwai mai 130 da mai 300. Kada ka tsaya kan farashin inji. Ka raba kuɗin katirij da mililitar da ke ciki, ka kwatanta, za ka sha mamaki.

Hajiya Akitek: Shi ya sa masu tankin tawada suka fara shiga raina, irin Canon TC-20 da Epson T3100X, kwalba kake zubawa. Dukkansu inci 24 ne dai, sai Malam Safiyo ya yi haƙuri.

Injiniya Sabon Gari: Sannan ku tambayi irin tawadar. Akwai mai narkewa a ruwa, akwai mai ƙwayar launi da ake ce wa figment. Zanen da zai je wurin gini, birkila ya riƙe da hannu mai gumi, ko yayyafin Agusta ya taɓa shi, in mai narkewa ce sai launin ya baje. Launuka biyar na TM-300 duk figment ne. T630 baƙarta figment ce, masu launin kuwa masu narkewa. Na taɓa ganin an yi gardama a kan girman ƙofa saboda jan layi ya jiƙe, ba a gane milimita 900 ba ce ko 800.

Ɗan Gwale: Wani ya yi mana tayin ta gwanjo, ya ce rabin kuɗi, wai daga Turai ta zo.

Malam Safiyo: Araha ba ta ado. Na taɓa sayen irinta, ba zan kama sunan wurin ba. A gabana ta buga shafi biyu tsaf. Sati uku bel ɗin da ke jan kai ya fara zubar da gari baƙi a kan takarda, ashe robar ta mutu tun tana can. Da aka canza shi, sai kwamfutocinmu masu sabon Windows suka ƙi ganinta, dole muka ajiye wata tsohuwar kwamfuta dominta ita kaɗai.

Baba Mai Gyara: Ba duk ta gwanjo ce matsala ba, amma kada ka je kai kaɗai. A sa ta fitar da shafin bayananta, a ga yawan takardar da ta ci a rayuwarta, a buga gwajin kai a ga ko akwai layin da ya yanke. Kuma ko sabuwa ce fil, abu biyu ke kashe filota a garin nan: ƙura da wuta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, ta kwanta a kan sandar da kai ke bi da kuma siririn zirin roba da injin ke karanta matsayinsa da shi. Da ya yi datti sai layi ya fara karkacewa ko ta riƙa kawo kuskure. A ɗinka mata riga, a nesanta ta da taga. Wuta kuwa, in aka ɗauke tana tsakiyar aiki, kan bai koma mazauninsa ya rufu ba, sai ya bushe a sarari. Saboda haka a sa mata UPS, kada a haɗa ta kai tsaye da janareta, kuma da maɓallinta ake kashe ta, ba daga bango ba. Ko babu aiki, a buga ɗan abu mai launi duk mako. Hutun Sallah da mutane ke rufe ofis kwana goma, bayansa ne nake samun kasuwa.

Hajiya Akitek: Baba ka tona asirin sana'a.

Malam Safiyo: Ƙarin abu ɗaya. Ranar da aka kawo, ka buga layi mai tsawon mita 10 a sikeli 1:100, ka ɗora rula, dole ya ba ka santimita 10 daidai. In bai ba ka ba, kafin ka zargi inji duba saitin bugu, yawanci yara ne suke barin zaɓin da ke matse zane ya cika takarda.

Injiniya Sabon Gari: Ka kuma duba bututun naɗin takarda. Yawancin ƙananan injinan nan mai inci 2 suke ɗauka, kada a sayar maka da mai inci 3. Takarda mai giram 80 ta isa aikin yau da kullum. Takardar garanti kuma ka karanta ta, ka tambaya wa zai zo in ta tsaya, daga Kano yake ko sai an turo daga Legas.

Ɗan Gwale: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Zan kai wa maigida biyu, TM-300 da T650 mai 36, ya zaɓa bayan na zaga shaguna na ga tawadar wacce ta fi samuwa. Hajiya ki yafe ni, Malam Safiyo ya rinjaye ni.

Hajiya Akitek: Ba komai. Ka auna ƙofar ofishinku dai kafin motar ta iso, a bene kuke.

Ɗan Gwale: Baba, ranar Asabar kana shago? Ina so mu zaga tare.

Baba Mai Gyara: Bayan Azahar. Ka taho da filashi mai zanenku na gaske, wanda ya fi kowanne yawan layi, da shi za mu gwada.