Shawarwari kan goga tsirkiya biyu a bayolin

Abin da masu kiɗan bayolin, wato gogen Turawa, suka fi nanatawa kan goga tsirkiya biyu a lokaci ɗaya shi ne kar a yi gaggawa. Ka fara sikel, wato jerin sautuka masu hawa da sauka bi da bi, da tsirkiya ɗaya har kunnenka ya saba, sannan ka haɗa biyu, kuma ka daidaita sautin ƙasa tukuna kafin ka ɗora na sama a kansa, in ka samu dama ka gwada shi da tsirkiyar da ba a danna ba, wato ɗaya daga cikin tsirkiyoyin bayolin huɗu, G, D, A ko E. Wasu sun ce matse wuyan bayolin ne ke sa hannu ciwo, gaskiyarsu kuwa, a sassauta babban yatsa. A oktaf, wato haɗa sauti da takwaransa na takwas a sama, yatsa na 1 (manuni) da na 4 (ƙaramin yatsa) tare suke tafiya, tazararsu tana raguwa in kana hawa zuwa sautukan sama. Metronom, na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa, sai daga baya.