Muhawara: Uba ya horar da ɗansa golf da kansa, ko ya miƙa shi ga koci?

Malam Sabi'u: Jama'a, ga magana, wanda bai yarda ba ya fito. Duk uban da ya ga ɗansa na da baiwar golf, da zarar yaron ya fara shiga gasa, ya sauka daga kujerar koci. Ya biya kuɗi, ya kai shi fili, ya tafa masa, shi ke nan.

Alhaji Nura: Haba Malam! Tiger Woods fa? Mahaifinsa Earl Woods ne ya ɗora masa sanda a hannu, yana shekara biyu aka nuna shi a talabijin yana bugu. A 1997 ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, da tazarar bugu 12 yana da shekara 21. Ni nake horar da 'yata, shekarunta goma sha ɗaya, kuma babu kocin da ya san ranar da take cikin fushi ko gajiya kamar ni.

Malam Sabi'u: Alhaji, misalinka nawa ne. Tiger yana shekara huɗu Earl ya kai shi wurin koci Rudy Duran, daga baya John Anselmo, a 1993 kuma Butch Harmon. Uban ya riƙe ɓangaren juriya da natsuwa, gyaran bugu ya bar wa masu sana'ar.

Hajiya Rabi: Justin Thomas kuma? Mahaifinsa Mike ne kocinsa tun yana ƙarami, ya ci gasar PGA Championship a 2017 da 2022.

Malam Sabi'u: Mike Thomas koyar da golf ce sana'arsa, Hajiya. Iyaye nawa ne haka? Yawanci bidiyo suka kalla a YouTube da dare, gari ya waye su ce yaro ya sauya riƙon sanda.

Alhaji Nura: Wannan da ni kake, na ji.

Bashir: Ku bar ni in sa baki, don na yi aikin sa ido a gasannin yara. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba, doka ta 10.2 a dokokin golf ta hana ɗan wasa neman shawara yana cikin zagaye sai daga mai ɗaukar masa jaka. In ya juya ya tambayi babansa wace sanda zai ɗauka, hukuncinsa a ƙara masa bugu biyu a lissafinsa, alhali mai ƙarancin bugu ne ke cin wasa. A gasannin ƙananan yara irin na U.S. Kids Golf ana barin uba ya ɗauki jaka, to nan babu matsala. Amma da an girma an shiga irin na AJGA, ƙungiyar golf ta matasa a Amurka, yaro shi kaɗai ne da jakarsa, iyaye na can gefe. Yaron da ya saba komai sai an faɗa masa, nan asirinsa ke tonuwa. Za ka ga ya tsaya kan ƙwallo, iska na kaɗawa, bai iya yanke shawarar sandar da zai zaro cikin sha huɗun da ke jakarsa ba, sai waige-waige yake yana neman fuskar babansa. Ramuka 18 ne, awa huɗu ko fiye, kowane bugu shi zai yanke wa kansa hukunci.

Alhaji Nura: Wannan laifin salon horarwa ne, Bashir, ba laifin zama uba ba. Koci ma yana iya sangarta yaro haka.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne. Kuma ku daina magana kamar kowa na da kuɗin koci. Golf wasa ne mai cin aljihu: sanduna da yaro ke girma ya bari, kuɗin shiga gasa, tafiye-tafiye, masauki. Wani uban in bai koyar da kansa ba, yaron barin wasan zai yi.

Malam Sabi'u: Iyayen Rory McIlroy ba masu hali ba ne. Gerry ya haɗa ayyuka da yawa, Rosie ta yi aikin dare a masana'anta, kuma duk da Gerry gwanin golf ne, koci Michael Bannon suka bar wa yaron.

Anti Zulai: Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Duk kuna kawo waɗanda suka yi nasara, su ne ake ba da labarinsu. Ku nemi tarihin Sean O'Hair. Mahaifinsa ya sa ya zama ƙwararren ɗan wasa yana shekara 17, ya sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar ba shi kaso na abin da zai samu, yana hukunta shi da gudu in ya yi bugu fiye da adadin da aka ƙayyade. Sean ya kai PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, ya ci gasa, amma shekaru suka yi ba sa magana da uban. Shi ma ai "nasara" za a kira shi a lissafinku. Abin da ke damuna shi ne, yaro in koci ya ishe shi yana iya cewa a canja masa. Uba fa? A mota ɗaya za su koma gida bayan ya ɓata rami na ƙarshe, a gida ɗaya za su kwana. Wa zai yi wa kuka in wanda zai rarrashe shi shi ne mai lissafa masa kurakurai?

Alhaji Nura: Anti, kada ki haɗa mu da wannan mutum. Ni doka na kafa, ba a zancen golf a mota sai in ita ta ɗauko.

Anti Zulai: Madalla da dokar. Amma yara fuska suke karantawa, ƙanena. Shirunka ranar da ta gama da bugu 72 da shirunka ranar da sai da ta yi 85 ba iri ɗaya ba ne, kuma ta sani.

Bashir: Akwai Xander Schauffele ma. Mahaifinsa Stefan ne kocinsa har ya ci zinare a Olamfik ta Tokyo. Da ya koma aiki da koci Chris Como, a 2024 ya ci manyan gasanni biyu.

Hajiya Rabi: To wa ya gina shi har ya kai inda Como zai karɓa? Wannan hujjar Alhaji ce.

Malam Sabi'u: Tawa ce, Hajiya, uban ya san lokacin ja da baya.

Hajiya Rabi: Bayan ɗan ya kusa talatin! Kai kuwa ka ce tun gasar farko.

Malam Sabi'u: Alhaji, tambaya ɗaya. In gobe 'yarka ta ce tana son wani koci, ko ta ce bana ƙwallon kwando take so, me za ka ce?

Alhaji Nura: Koci, zan nemo mata. Ƙwallon kwando kuwa, a bar ni in yi tunani, akwai gasa wata mai zuwa kuma na riga na biya.