Ƙidayar tuje a daji: ku da kuka taɓa yi, yaya kuka ƙare?

Ɗaliba daga Damagaram: Salamu alaikum. Bana zan fara bincike kan tuje a yankin Termit. Lokacin da aka kafa gandun dajin Termit da Tin Toumma a gabashin Nijar a 2012, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 97,000 ne. Tsuntsun da launinsa da yashi ɗaya, a fili irin wannan, ta ina ake fara ƙirga shi?

Tsohon mai gadin daji: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba wanda ke ƙirga su duka, kintace ake yi. Ana jan layi a taswira, mota ta bi shi sannu a hankali, mutum biyu a tsaye a baya, ɗaya na duba dama ɗaya hagu. Duk wanda aka gani, a ɗauki wurin a GPS, na'urar da ke nuna matsayin wuri a taswira, a auna nisansa da layin. Nisan nan shi ne jarinki, don da shi ake lissafa nawa ido ya tsallake can nesa. Ni wautar da na yi a fitata ta farko, sai da rana ta take muka kama layi. Na dawo takarda fayau, ina cewa babu komai. Ashe suna kwance a inuwar aduwa. Washegari da sassafe, layin nan dai, muka ga uku.

Direban tawaga: Baba ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: tuje ba ya saurin tashi, sulalewa yake da ƙafa tun kafin ki hango shi. Inda kika fara ganinsa za ki rubuta, ba inda ya sauka ba. Mun taɓa ƙirga namiji ɗaya sau biyu, ya tashi ya sake sauka gabanmu. Sai da aka duba hotuna da dare aka gane.

Ɗan makiyaya, Dakwaro: Ku masu mota maza kuka fi gani, musamman da damina in suna kumbura wuya suna taƙama. Mace in tana kan ƙwai lafewa take, ko motsi. Ba sheƙa take yi ba, ɗan gurbi ne a ƙasa, ƙwai ɗaya ko biyu. Ina yaro ina kiwo wajen Gadabeji na kusa taka wata. Ta tashi fir, na tsaya ina ta jujjuya ƙwan don sha'awa. Da na koma da yamma ɓawo kawai na tarar, hankaka ya riga ni. Har yau abin na cina. Ki zauna da masu raƙuma a bakin rijiya, sun fi kowa sanin inda take kwanci.

Tsohon mai gadin daji: Kuma kada ki kuskura ki sa lambobin GPS a Facebook. Masu farauta da shaho ma suna da waya.

Ɗaliba daga Damagaram: Na gode, Baba, Allah ya saka. To in na hangi mace a kwance, in rubuta ta daga cikin mota ke nan, kada in sauka?

Ɗan makiyaya, Dakwaro: Kada ma motar ta tsaya.