Ban taɓa allurar insulin ba, ta ina ya yi mini yawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 44, shinkafa nake sayarwa a Birnin Kebbi, a zaune nake wuni. Ciwon kai ya kai ni asibiti, aka auna jinina 140/90, suga kafin in karya 108, aka zagaya tef a tumbina ya ba da santimita 103. Likita ya duba bayan wuyana da ya yi baƙi, wanda uwargida ta gaji da cewa in dirje, ya ce ba dauɗa ba ce, alamar insulin ne ya yi yawa. Ni a sanina allurar masu ciwon suga ce. Layi ya yi tsawo, ban samu na tambaye shi da kyau ba.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu: Wa alaikumus salam Alhaji. Kusan kowa jikinsa na yin insulin, daga wani sashe a bayan tumbi da ake kira fankiriyas. Shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Idan kitse ya taru a ciki kuma ba motsi, tsokar sai ta daina jin kiransa, jiki kuma ya riƙa ƙaro shi, kamar mai ɗaga murya ga wanda ya toshe kunne. Shi ya sa suganka bai kai 126 na masu ciwon ba tukuna, da ƙarfi ake danne shi. To yawan nan ba ya tsayawa kan suga: yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau, hanta kuma ta ƙara zuba kitse cikin jini. Abu biyar muke dubawa, wanda ya haɗa uku ya shiga wannan matsalar: girman tumbi, jini daga 130/85, suga daga 100, kitsen tiraigiliserai daga 150, da ƙarancin kolestarol mai kyau. Kai ka riga ka haɗa uku. Ka koma a auna maka kitsen jini.

Direba, Jega: Yaya, ka jiƙa tafarnuwa da garahuni kawai, mako biyu ka manta da zancen.

Ma'aikaciyar jinya, Argungu: Ƙanina, a bar wannan. Garahuni ba ya rage tef. In likita ya rubuta maganin hawan jini ko metformin na rage suga, Alhaji ka sha, kar ka musanya da jiƙo.

Malamar makaranta, Yauri: Maigidana haka aka ce masa bara. Abin da ya fi ba mu wuya ba tuwon shinkafa ba ne, lemon kwalba ne da shayi mai cokali huɗu. Muka fara da su. Tuwo malmala biyu ya koma ɗaya, na cika kwanon da miyar zogale, wake da kifi. Fura yana sha, ba suga dai. Bayan la'asar yana tafiyar minti 30 da sauri, kwana biyar a mako. Wandunansa duk sai da tela ya rage.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, lemon nan ne matsalar, firij ɗin maƙwabcina yana ƙofar rumfata, kwalba uku nake sha kafin azahar. Gobe da ƙafa zan tafi kasuwa, babur ya huta. Gwajin kitsen shi ma sai ban karya ba?

Ma'aikaciyar jinya, Argungu: Eh, ka je da safe kafin ka ci komai. Ruwa dai ka sha.